Gina Suna ko Neman Kasuwa: Wanne Sabon Ɗan Kasuwa Zai Fara Ba Kuɗinsa?

Sana'ata ɗab'i ce. Shagona yana kusa da kasuwar Wunti a Bauchi, abin da na fi bugawa kuwa shi ne sitika, bana, katin biki da ledar kaya. Saboda haka mai shirin buɗe sabuwar sana'a yakan biyo ta wurina ko wurin irina tun kafin ya sayar da ko abu ɗaya. Ina ganin masu fara kasuwanci a ranar da zumuɗinsu ya kai ƙarshe, jarinsu kuma bai taɓu ba. Wasunsu nakan sake ganinsu bayan wata shida, sun zo tambaya ko akwai mai sayen ragowar ledar da suka buga.

Kwanan baya ɗan yayata ya shigo da takarda a hannu. Ya gama bautar ƙasa, ya tara Naira 400,000, yana so ya fara haɗa fura da yogot a gora. Ya karanto mini abin da yake buƙata: a zana masa tambari, sitika 5,000, manyan bana guda biyu, riguna shida masu sunan kamfani, da allo mai fitila. Na danna kalkuleta na juya masa ita. Fiye da rabin jarin ya tafi, ko mudun gero bai auna ba.

Na ce, "To, wa zai sha furar?"

Ya ce, "Kawu, ai tallan ke nan. In mutane suka ga tambarin za su zo."

Na ce, "A ina za su gan shi? A cikin firijin gidanku?"

Abin da ya rikita shi, shi ke rikita yawancin masu zuwa wurina. Ayyuka biyu ne daban ake cakuɗawa a kira su talla. Ɗaya gina suna, ɗayan neman kasuwa. Ba sa cin kuɗi iri ɗaya, ba sa haihuwa lokaci ɗaya, kuma wanda ya ba ɗaya abincin ɗayan yakan rasa su duka.

Bari in kwatanta da masa, tunda da ita aka san garinmu. A layinmu mata uku ke tuya. Akwai wata dattijuwa da kowa ke kira Inna, tana kan tandarta tun ina sakandare. Ba ta da allo, ba ta taɓa buga ko takarda ba. Amma in aka aiki yaro, abin da ake faɗa masa shi ne, "Ta Inna. In ta ƙare ka dawo da kuɗin." Wannan jimlar ita ce suna. Magana ce da ake yi a kanka a tsakar gidan da ba ka taɓa shiga ba. Maƙwabciyarta kuwa ba a daɗe da fara saninta ba, amma tana da dabara: tana zuba masa a kula a kai bakin tasha da ƙofar asibiti da sassafe, ta kuma shirya da masu shayi biyu suna karɓa sari. Wannan shi ne neman kasuwa, wato kai kaya inda mai kuɗi yake, a farashin da zai iya, a lokacin da yake so. Dukansu suna sayarwa. Ranar da yaron da ke kai kula ya kwanta zazzaɓi, cinikin maƙwabciyar ya tsaya cak. Ranar da aka wayi gari da ruwan sama, mutane na tsaye da lema a ƙofar Inna. Sai dai kada mu yaudari kanmu: shekaru sama da ashirin ne suka gina wa Inna wannan layin, sabon ɗan kasuwa kuwa ba shi da shekara ashirin, kuɗin hayar wata shida gare shi.

Kalmar da Turawa ke kiran gina suna da ita, wato "branding", ta samo asali ne daga lalas da ake yi wa shanu da ƙarfe mai zafi don a san na wane ne. Mu ma mun san shaidar dabba. Amma shaida ba ta sa wa sa nama. Mai shi kawai take nunawa. In an san garkensa da ƙoshin lafiya, shaidar ta ƙara wa san kuɗi. In an san shi da shigo da maras lafiya kasuwa, shaidar ce za ta kori mai saye tun daga nesa. Tambarin da nake zana wa mutane haka yake. Ni da nake cin abinci da shi nake faɗa: tambari alama ce ta sunan da za ka gina, kuma ranar da na miƙa maka shi babu komai a cikinsa.

Shi kuma neman kasuwa ya fi talla faɗi nesa ba kusa ba. Tun 1960 wani malamin jami'a a Amurka, Jerome McCarthy, ya taƙaita shi a abu huɗu: kayan kansu, farashinsu, wurin da za a same su, sai shelar da za a yi musu. Shela ce ta zo ƙarshe, amma ita kaɗai matasanmu ke gani. Dubi Cowbell. Lokacin da ta shigo Najeriya a 1993, madarar gari a gwangwani aka fi saninta, sai mai ɗan hali. Suka zuba ta a ƙananan leda da mai shayi da ɗan makaranta za su iya saye. Girman ledar da farashinta ne suka buɗe musu ƙofa, waƙar talla ta biyo baya. Haka Glo a 2003: ta tarar da MTN da Econet suna cajin kira minti-minti tun 2001, ta zo da lissafin daƙiƙa-daƙiƙa, kuma ba a jima ba sauran suka bi. Babu mai zane da zai iya yi maka irin wannan aikin. Tunani ne a kan aljihun mai saye.

Da na mai da wa ɗan yayata maganar kan furarsa, sai tambayoyin suka fito da kansu. Gora wace iri, babba ko ƙarama? Ɗalibin da ke zaune a Gwallameji ko Yelwa ƙarama zai iya saye kullum, ma'aikacin sakatariya zai iya ɗaukar babba ya kai gida. A shagon wa za a ajiye ta, kuma yana da firiji mai aiki ko sai an haɗa masa da ƙanƙara? In ta kwana ta yi tsami, asarar wa? Nawa za a bar wa mai shago a kowace gora har ya ga ya dace ya miƙo taka maimakon ta wani? Duk wannan neman kasuwa ne, kuma ko ɗaya babu a takardar da ya shigo da ita.

To, me suna ke saya wa mutum da har manyan kamfanoni ke kashe masa dukiya? Ka saurari bakin mutanenmu a shago. Man goge baki kowane iri ne makilin ake ce masa, daga Macleans. Garin sabulu omo ne, ɗanɗanon miya magi ne, ko wane kamfani ya yi shi. Sunan ya shige harshe har ya zauna. Akwai ɗan abin dariya a nan, domin yaro zai ce a ba shi omo a miƙo masa wani daban ya karɓa ya tafi, wato shahara kaɗai ba ta tsare ciniki in mai shago ya fi samun riba a kayan wani. Misalin da ya fi burge ni shi ne shaddar Getzner ta ƙasar Ostiriya, wadda muke kira gezna. Magidanci zai shiga kasuwa ana gobe ɗaurin aure ya biya ninkin kuɗin wata shaddar, yana murza gefenta yana duba tambari don kada a haɗa shi da jabu. Ba ya neman ragi sosai, domin ya yarda cewa sayen nagari mai da kuɗi gida ne. Abin da suna ke yi ke nan: yana dawo da mai saye ba tare da an sake kiransa ba, yana riƙe farashi lokacin da maƙwabci ya karya nasa, kuma yana sa a yi maka uzuri ranar da ka yi kuskure. Akwai na huɗu da ba a cika faɗa ba. Mai suna shi dillali ke ba kaya bashi.

Kuma sunan, in ya kafu, yakan fi ƙarfin mai shi. A watan Afrilun 1985 kamfanin Coca-Cola ya sauya ɗanɗanon lemonsa a Amurka, bayan ya gwada wa dubban mutane sun ce sabon ya fi daɗi. Jama'a suka yi ca a kansa, cikin kwana 79 ya dawo da tsohon. Mutane sun riga sun ɗauki abin a matsayin nasu. Mai fura a Fadaman Mada ba Coca-Cola ba ne, amma dokar ɗaya ce: wanda ya saba da kaurin furarka ran Litinin, shi yake so ya tarar ran Alhamis.

Yanzu in jera su kafaɗa da kafaɗa, ta fuskar da ta fi damun mai ƙaramin jari.

Ta wajen lokaci, neman kasuwa kamar noman rani ne, ka ba da ruwa ka ga tsiro cikin kwanaki. Ka sa hoto a sitatus na WhatsApp da safe, kafin la'asar wani ya ce a kawo masa biyu. Bayan awa 24 hoton ya ɓace, gobe sai ka sake. Suna kuwa dashen mangwaro ne. Wata uku na farko ba za ka ga komai ba, har ka fara zargin ko ɓata lokaci kake yi.

Ta wajen kuɗi, a nan ne mutane suka fi juya lissafin. Suna ganin gina suna shi ne mai tsada saboda sun ɗauka allo da riguna ne. Ainihinsa kuwa kusan kyauta ne a aljihu, a jiki yake da tsada: ka buɗe shago a lokacin da ka saba buɗewa, mudunka ya zama ɗaya, ka amsa waya da sakin fuska ko da mai kiran ƙorafi ya kawo, ka karɓi kayan da suka lalace ka canza ba tare da dogon musu ba. Neman kasuwa shi ne mai cin tsabar kuɗi, kuma kullum yake ci: kuɗin data, kuɗin mai Keke Napep da zai kai kaya, la'adar mai shago, ɗanɗanon da za ka raba kyauta, kuɗin sanarwa a rediyo.

Ta wajen aunawa, neman kasuwa ya fi sauƙin kamawa, kuma a nan nake so mai karatu ya ɗan tsaya, domin a nan biyun suke haɗuwa. A ce ka ba Facebook Naira 10,000 ya nuna tallanka ga mutanen cikin garin Bauchi. Yana ba ka damar zaɓar gari da shekarun waɗanda za su gani da abin da za ka kashe a rana, ya kuma nuna maka mutum nawa suka yi maka magana. A ce 40 suka yi magana, 10 suka saya. Kowane sabon kwastoma ya tsaya maka a Naira 1,000 ke nan. In ribarka a gora ɗaya Naira 150 ce, sai mutumin nan ya sha gora 7 kafin ka mai da kuɗin da ka kashe wajen kamo shi. In ya sha ɗaya bai dawo ba, ka yi asarar Naira 850 a kansa kana murnar an yi ciniki. Talla ce ta kawo shi sau ɗaya. Sauran shidan, abin da ya tarar a cikin gorar ne zai kawo shi. Wanda bai yi wannan lissafin ba yakan ga kuɗi na shiga POS kullum, ƙarshen wata ya rasa inda uwar kuɗi ta shige.

Suna ba shi da irin wannan lissafin, amma yana da alamomi, kuma ba sa ɓuya. Mai saye ya daina cewa "a ba ni fura", ya koma kiran taka da sunanta. Baƙuwar fuska ta zo ta ce wance ce ta turo ni. Mai shago ya fara kiranka yana cewa kaya sun ƙare, bayan da kai ke bin sa kana roƙo. Babbar jarrabawar kuwa ranar ƙarin farashi ce. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 na ga masu sana'a sun rabu gida biyu. Wasu suka bar farashi yadda yake suka rage kaya a ɓoye, aka ƙara ruwa a yogot, burodi ya zama iska. Wasu suka fito fili suka ce kaya sun tashi, ga sabon farashi, abin da kuka sani bai canza ba. Na farkon sun riƙe cinikin wata biyu. Na biyun sun sha tsaki da guna-guni, amma yawancin waɗanda na sani har yanzu suna aiko mini da aikin sitika.

Sai batun takardu, wanda nake so a kula da shi tun kafin a zo wurina. Mutane da yawa suna ganin da zarar sun yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, sunan kayansu ya zama nasu. Rajistar CAC ta sunan kasuwanci ce, da ita za ka buɗe asusun banki da sunan sana'a. Kare sunan da ke jikin kaya da tambarinsa aikin ofishin rajistar tambarin kasuwanci ne, wanda ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya. Rajistar farko shekara 7 take yi, daga nan a riƙa sabuntawa duk shekara 14, kuma an kasa kayayyaki da ayyuka rukuni 45, sai ka nemi kariya a rukunin da kayanka suka faɗa. Mai abinci, abin sha, ruwan leda ko man shafawa kuma yana da NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, a gabansa, ita ma takan nemi shaidar rajistar sunan kayan. Akwai wata Hajiya da na buga wa lebul na sabulun ruwa katan-katan, da sunan da ta ce a mafarki ya zo mata. Da ta je neman rajista aka ce wani ya riga ta. Lebul ɗin suna nan a ɗakin ajiyata, na kasa zubarwa, ita kuma ta kasa ɗauka. Tun daga ranar nake tambayar kowa ko ya bincika sunan kafin in kunna inji.

Kada kuma a riƙa sauya suna kamar riga. Layin wayar da muka sani da Econet a 2001 ya koma Vmobile a 2004, Celtel a 2006, Zain a 2008, sannan Airtel a 2010. Duk sauyi sai da aka sake fentin shaguna da alluna a faɗin ƙasa, aka cika rediyo da sanarwa. Su suna da kuɗin sake koya wa mutane sunansu. Kai in ka sauya, daga sifili ka koma. Zaɓi suna gajere wanda tsohuwa za ta iya aiken jikanta da shi bai manta a hanya ba. Sunan Turanci mai kalma huɗu yana da kyau a sitika, amma a bakin mai saye "furar yaron nan mai jan babur" za ta koma.

To wanne za a fara ba kuɗi? Ya danganta da abin da kake sayarwa, kuma bambancin ba ƙarami ba ne.

Mai kayan da ke lalacewa ko masu lokaci, kamar tumatir da kankana a Muda Lawal, ko ragunan layya, ko kayan yara na sallah, neman kasuwa ne rayuwarsa. Kayan da suka yi kwantai ba sa jiran suna ya ginu. Ya san inda masu saye suke, ya isa da wuri, ya iya sa farashi. Haka mai sayar da kayan da wani ya riga ya gina wa suna, kamar waya ko siminti ko taliya. Ashaka da Dangote sun gama yi maka wancan aikin, babu wanda zai sayi buhu saboda tambarin shagonka. Abin da ya rage maka shi ne wuri mai kyau, farashi, da kai kaya har bakin gini. Sunan da za ka gina a nan guda ɗaya ne, a ce wurin wane ba a samun jabu ko buhun da aka farke aka rage.

Mai aikin hannu kuwa, tela, makanike, mai gyaran waya, mai lalle, mai girkin biki, sunansa shi ne jarinsa kacokan. Ba a ganin kayansa kafin a biya, alkawari ake saye. Telan da ya karɓi ɗinki 60 alhali 35 zai iya gamawa kafin sallah, ya yi nasarar neman kasuwa ya kashe sunansa a dare ɗaya, domin mutum 25 za su je idi da tsohuwar riga, kuma kowannensu yana da majalisa. Irin wannan in ya tambaye ni, cewa nake ya bar bana tukuna. Ya ɗauki hoton aikinsa mai kyau, ya rubuta ranar karɓa a rasit, ya cika ta. Ya koyi cewa "ba zan iya ba kafin sallah", duk da ɗacinta.

Masu sayarwa ta waya, waɗanda yawancinsu mata ne a cikin gida, masu turaren wuta, humra, atamfa, cincin da dambun nama, su ne ke buƙatar biyun tare tun ranar farko. Ba su da shagon da za a gani, saboda haka in ba su yi shela ba babu wanda ya san suna nan. Amma mai saye zai tura kuɗi ne kafin ya ga kaya, ga kuma labarin damfara ya cika gari, saboda haka in babu amana shelar banza ce. A wurinsu ƙananan abubuwa ne ke gina suna: asusun banki mai sunan sana'a maimakon sunan ƙanin miji, hoton kayan da ke hannu maimakon wanda aka kwaso a intanet, lambar waya ɗaya da ba ta canzawa. Wani abin da da yawa ba su lura da shi ba: sitatus na WhatsApp ba ya isa sai ga wanda ya ajiye lambarki kika ajiye tasa. Duk wadda ta saya sau ɗaya, a roƙe ta ta ajiye lambar. Wannan roƙon ya fi bana guda amfani.

Rediyo fa? Globe FM, Albarka Radio da BRC suna shiga ƙauyukan da data ba ta kai ba, kuma dattawa sun fi gaskata abin da suka ji a can. Mai taki, mai irin shuka, mai makaranta ko asibiti zai ci moriyarsu. Mai shagon da kwastomominsa ba su wuce unguwa biyu ba, ya biya kuɗin a ji shi har wata ƙaramar hukuma, mai jin ba zai hau mota ya zo sayen gora ɗaya ba.

Hatsarin da ya fi ba ni tsoro shi ne talla ta riga shiri. Na san wata baiwar Allah mai dambun nama, hannunta da daɗi ƙwarai. Ta biya wata mai ɗimbin mabiya a TikTok ta yaba kayanta. Cikin kwana biyu oda ta ninka abin da take iya yi sau da yawa. Maimakon ta ce a yi haƙuri sai mako mai zuwa, ta karɓe kuɗin kowa, ta ɗauko masu taya aiki da ba su san hannunta ba, wani ya ƙone, wani ya isa Abuja da ɗanshi ya yi funfuna. Waɗanda suka yabe ta a ƙasan bidiyon su suka dawo suka yi mata tatas a wuri ɗaya. Da mutum goma ne suka san ta, kuskuren a cikin goma zai tsaya. Talla ba ta san mai kyau da maras kyau ba, abin da ka ba ta shi take yaɗawa, da sauri kuma. Kishiyar wannan ma ina gani, ko da yake ta fi mutuwa a hankali: shago ya sha fenti da gilashi da fitilu a kan titin Ahmadu Bello, mai shi na zaune yana danna waya yana jiran a gane darajarsa. Kasuwa a kai miki dole, in ji masu magana, shi kuwa ya zauna kasuwa ta zo ta same shi.

Ra'ayina, bayan shekarun da na yi ina kallon masu tashi da masu faɗuwa ta tagar shagon nan, shi ne suna ake fara yanke wa shawara, amma neman kasuwa ake fara ba kuɗi. Shawarar sunan zama ɗaya ce: me za a kira kayan, wane launi za su riƙe, kuma wane alkawari guda ɗaya ne ba za ka saɓa ba ko da za ka yi asarar ranar. Guda ɗaya, ba biyar ba. Daga nan kuɗin da ya rage bayan kayan aiki ya tafi wajen kai kaya gaban mutane, kaɗan-kaɗan, ana aunawa, abin da ya kawo ciniki a ƙara masa, wanda bai kawo ba a bar shi. Allo mai fitila da riguna su jira riba ta saya su.

Haka muka yi da ɗan yayata. Na tambaye shi alkawarinsa, ya yi shiru can ya ce, "Ba zan sayar da wadda ta kwana ba." Na ce wannan ya isa, amma ya sani ranar da goma suka rage masa zai gane nauyin abin da ya faɗa. Muka rage sunan daga kalma huɗu zuwa ɗaya, na ce ya je a bincika masa ko wani ya riga shi, ya kuma fara bin hanyar NAFDAC tun yanzu. Sitika 300 na yarda in buga masa, launi biyu, da gurbin rubuta ranar da aka dama. Sauran kuɗin ya sayi kula biyu masu riƙe sanyi, ya ware na ƙanƙara da na mai, ya ware gora 50 da zai raba ɗanɗano a shaguna biyar da ke kusa da masaukin ɗalibai. Na ba shi ƙaramin littafi na ce duk wanda ya kira shi ya tambaye shi a ina ya ji labarinsa, ya rubuta, ya kuma sa alama a gaban sunan duk wanda ya saya karo na biyu.

Ya tsaya a bakin ƙofa yana jujjuya takardar da ya zo da ita. Ya ce, "Kawu, ko bana ɗaya?"

Na ce ya kawo mini littafin bayan wata biyu. In masu alama sun kai talatin, ni zan buga masa banar kyauta.